A Fada Ya Kamata A Gwada Kalmomin Kimiyya

A shekarar 1969, wadda a cikinta ɗan Adam ya fara taka doron wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. Labari ne na wani yaro, Kilba, da baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma har yau shi ne ake fara ambata idan ana zancen ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa. Masu sharhin littattafai sun fi karkata ga labaran soyayya, saboda su ne ke da kasuwa. A ganina, wannan giɓi ya shafi ɗaliban kimiyyar harshe kai tsaye.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi dole ne ya iya bayanin lantarki da sauyin yanayi da tafiyar taurari. Mun saba ɗauka cewa kwamitin masana ne zai zauna ya ƙirƙiro kalmomin, alhali tarihin Hausa ya nuna cewa bakin jama'a ne alƙali. Kumbo da tauraron ɗan Adam da ɗan sama jannati sun zauna ne domin an riƙa jin su a rediyo, aka kuma ji daɗin faɗarsu. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa tana ta ja da baya a gaban kwamfuta, domin ta yi wa harshe nauyi. Manoman Agiye da Gazawa ba su jira kowa ba kafin su riƙa kiran dabarar barin toho ya zama itace a gona da sassabin zamani.

Labarin kimiyya yana tilasta wa sabuwar kalma ta yi aiki cikin jimla. Dole marubuci ya ba ta jinsi da jam'i, ya haɗa ta da madanganci, ya sa ta a bakin tsohuwa da na yaro. Kalmar da ta gagara a nan, ko an sa ta a ƙamus ba za ta rayu ba.

Wasu za su ce littattafan Hausa sun yi ƙaranci a yankinmu, kuma da yawa daga waɗanda suka yi lakkwal da Faransanci suka iya karatu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa karatun taro ya fi dacewa da mu. Fada tana nan a kusan kowace unguwa, daga Gazawa har Gidan Runji. Kwafi ɗaya ya isa: mutum ɗaya ya karanta babi da ƙarfi kafin a sauke shayi na uku, saura su saurara su yi gardama. Haka nan bambancin rubutu, kamar ƴ tamu da 'y ta Nijeriya, ba ya damun mai sauraro.

Aikinmu a wannan zama shi ne riƙe alƙalami. Mu rubuta kalmar da aka tsaya tambayar ma'anarta, da wadda ta ba da dariya, da wadda aka musanya da ta karin harshen Maraɗi. Sharhin da ya fito daga nan zai gaya wa marubuci inda Hausarsa ta kama ƙasa, ya kuma ba mai nazari hujja daga bakin masu harshen. Ina kira ga wannan mujalla ta ware shafi domin irin wannan sharhi, a fara da littafin Dembo a hutu mai zuwa.