Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Ciro Layi Guda Daga Rumbun Bayanai

A shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, Gwamnatin Tarayya ta soma sayar wa manoma taki a kan rabin farashi ta hanyar saƙon wayar salula. Sai wanda sunansa ke cikin kwamfuta ake ba. A wancan lokacin, rabon manomin masara da auduga a Funtuwa da Malumfashi ya rataya a kan layi guda cikin rumbun bayanai.

Rumbun bayanai jadawali ne, kowane manomi da layinsa. Idan aka nemi kwamfuta ta ciro layin mutum ɗaya, amsa iri uku ke yiwuwa: ko a rasa, ko a sami ɗaya, ko a sami da yawa. Mai rubuta manhaja da ya yi tanadin amsa ta biyu kawai ya haƙa wa talaka rami.

Alal misali, a nemi Musa Ibrahim a gunduma ɗaya, sai mutum biyar su fito. Manhajar da aka rubuta da ganganci za ta ɗauki na farko ta zubar da saura. Alhali kuwa a tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, layuka ba su da na gaba ko na baya. Wanda ya fito farko yau yana iya zama na uku gobe. Ta haka takin wani zai tafi gonar wani, mai haƙƙi ya koma gida hannu rabbana ga damina ta kankama.

Maganin abu biyu ne. Na farko, a yi nema da lambar da ba a tarayya a kanta, irin su BVN da NIN masu alƙaluma 11, ba da suna ba. Na biyu, manhaja ta ƙirga abin da ya dawo kafin ta taɓa shi. In babu, ta ce babu. In ya wuce ɗaya, ta tsaya har ma'aikaci ya bincika. Rumbun Oracle ma kan ƙi amsa irin wannan buƙata ya nuna kuskure.

Wasu za su ce tsayawa ɓata lokaci ne ga masu jira cikin rana. Gaskiya ne, amma jinkirin minti biyar bai kai asarar damina ba. Ya kamata malamai su koya wa ɗalibai wannan tun daga darasin farko.