Zanen jikin tsohon ɗan kaso ba hukuncin alƙali ba ne

Akwai wasu hotuna da ke ta yawo a WhatsApp da Facebook: ɗaruruwan maza an yi musu aski ƙwal, daga su sai gajeren wando fari, an jere su a ƙasa kamar buhunan hatsi, jiki duk zane tun daga goshi har ƙafa. Gidan kason CECOT ke nan na ƙasar Salbado, wanda shugaba Nayib Bukele ya buɗe a 2023 don ɗaukar mutum dubu 40. Da hotunan sun faɗo cikin zaure, sai ka ji wani ya ce: "Haka ya kamata a yi a nan, duk yaron da aka gani da zane a jiki a kwashe shi." Wannan magana akwai zalunci cikinta, kuma ga dalili.

Gaskiya ne kisan kai ya ragu sosai a Salbado, ba mai musun wannan. Amma tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2022 an kama mutum sama da dubu 80, kuma Bukele da bakinsa ya ce an saki wajen dubu 8 da ba su da laifi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara labarin mutanen da zanen jikinsu kaɗai ya kai su kaso. A Maris na 2025 kuma Amurka ta tura ƴan Benezuwela sama da 200 zuwa CECOT, ana tuhumarsu da zama ƴan ƙungiyar Tren de Aragua. Cikinsu har da wani matashi mai sana'ar kwalliya da aka ɗauki zanen kambi biyu na hannuwansa a matsayin shaida, alhali kalmomin "uwa" da "uba" ne ke tare da zanen. Sai da ya yi wata huɗu a ciki. Abin haushin ma, tun da ƴan sanda suka fara kame ta hanyar duba fata a 2003, ƙungiyoyin MS-13 da Barrio 18 suka rage yi wa sabbin yaransu zane a fuska. To wa aka kama ke nan? Mai wayo ya ɓoye, mai tsohon tabo ya shiga hannu.

Mu tsaya mu tambayi kanmu, me ke sa ɗan kaso ya yi zane? Mutum ne da aka karɓe tufafinsa, aka raba shi da iyali, aka mai da sunansa lamba a rajista. Abin da ya rage masa shi ne fatarsa, sai ya mai da ita littafi. A Faransa an san ɗigo biyar a bayan hannu, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ma'ana mutum guda tsakanin bango huɗu. A gidajen kason tsohuwar Tarayyar Sobiyet, yawan ƙubbobin coci a ƙirjin mutum na nuna sau nawa aka ɗaure shi, taurari a gwiwa kuma na nufin ba ya durƙusa wa hukuma. Wani gandiroba mai suna Danzig Baldaev ya shafe shekaru yana kwafe waɗannan zane a takarda, kuma aikinsa ya nuna cewa wasu zanen tilas ake yi wa mutum, a danne shi a rubuta masa abin kunya don a wulaƙanta shi. A gidan kason Pollsmoor na Afirka ta Kudu, lambobin 26, 27 da 28 sunayen ƙungiyoyi ne, kuma akwai yaran da ke shiga cikinsu don kada a ci zalinsu da dare. Wani kuma sunan mahaifiyarsa ne ya rubuta, ko ranar da ɗansa ya rasu yana tsare. Kai da ka hango shi a kasuwa, ta ina za ka san wanne ne nasa?

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa gane wannan. Tsagar Gobirawa, ta Katsinawa da ta Barebari, ai katin shaida ce da wanzami ke rubutawa a fuskar jariri tun bai san komai ba. Tana faɗa maka inda mutum ya fito. Ba ta taɓa faɗa maka ko zai riƙe amana ba. Da Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, halin ya ce a duba, bai ambaci fata ba.

Za a ce ai addini ya hana. Ƙwarai, jumhurun malamai sun haramta jarfa, kuma ba wanda ke kiran yaranmu su je su yi. Bayan haramcin akwai cuta, don a kaso da allura guda da tawadar biro ko baƙin roba da aka ƙona ake yi wa mutane da yawa, hanyar ciwon hanta da sida ke nan. Sai dai malaman da suka haramta su ne kuma suka ce wanda ya tuba, in cire zanen zai cutar da shi, tubarsa ta wadatar. Allah ya karɓa, kai kuma ka ce ba ka karɓa ba?

Wanda ya kalli fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky da ya fito a 2021 ya ga samarin Kara-Kara ƴan palais, ya ga tabon wuƙa a jikinsu, ya kuma ga masu fafutukar barin wannan rayuwa su nemi na kansu. Irin wannan yaro in ya fito kaso, mai gareji ya duba hannunsa ya ce babu aiki, mai babur ya hana shi kabu-kabu, gidan da ya je neman aure a rufe masa ƙofa. Ina kuke so ya nufa? Fadar da ta kai shi kaso ita kaɗai za ta yi masa marhabin. Kar mu manta kuma, gidajen kasonmu cike suke da mutanen da ba a ma yanke musu hukunci ba.

Wanda ya yi sata ko ya sari mutum a kama shi, a kawo shaida, alƙali ya yanke. Wanda ya gama wa'adinsa a gwada jininsa a likita, a ba shi aiki, a sa masa ido kamar kowane sabon ma'aikaci. Masu unguwa, limamai da iyayen gida, wannan nauyi a wuyanku yake. Allah ya shiryi yaranmu, ya kare mu da zaluntar wanda ya tuba.