Kartar Da Ba Caca A Cikinta

Abu ne sananne a zangon Hausawa na Agege ko Sabon Ibadan, kamar yadda yake a Fagge ko Tudun Wada, a ga yaro ɗan aji uku yana rera A, B, C, D tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma in an rubuta masa "rana" a takarda sai ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki. Uba ya ce yaron daƙiƙi ne, malami ya ce ba ya mai da hankali. Sau da yawa kuwa laifin ba na yaron ba ne. An koya masa sunayen haruffa, ba a koya masa sautinsu ba. Wanda aka gaya wa wannan harafi sunansa "bi", wancan kuma "e", in ya haɗa su "bi-e" zai samu, ba "ba" ba.

Abin takaici shi ne Hausa tana cikin harsuna masu sauƙin karantawa. Wasulanta biyar ne, a, e, i, o, u, kuma baƙi ba ya sake murya daga kalma zuwa kalma: "c" ɗin da ke cikin "ci" shi ne cikin "ciki" da "cokali". A Turanci kuwa harafin nan yau ya fito kamar "k", gobe kamar "s". Malaman allo sun daɗe da gane hanyar, gama almajiri sai ya ƙare babbaƙu sa'an nan ya shiga farfaru, watau ya san baƙi tukuna, kana a ɗora masa wasali.

Tun da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya sauraron bakin kowane yaro. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, a 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida ta firamare, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an koma ga Turanci. Ko wace manufa ce ta yi rinjaye, yaron da ke Ikko ko Fatakwal da wuya ya ga Hausa a allon makarantarsu. In zai iya karanta harshen da aka yi masa tatsuniya da shi, sai dai a gida. Nan ne kati ya shigo.

Kayan aikin ba su wuce tsohon kwalin sukari da almakashi da alƙalami mai kaurin baki ba. A yanka kati talatin, kowanne kamar faɗin tafin hannun yaro. A zaɓi baƙaƙe shida, misali b, k, m, n, r, s, a aurar da kowanne da wasulan nan biyar: ba, be, bi, bo, bu, haka har zuwa su. Kowane kati gaɓa ɗaya, da manyan rubutu.

Dokar wasan ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin ana buga Whot, kartar nan mai kati 54 da aka ƙago a Ingila a 1935, ta zo Nijeriya ta zama 'yar gida. A can ana bin zane ko lamba. A nan sai a bi baƙi ko wasali. A raba wa kowane yaro kati huɗu, a kife sauran a tsakiya su zama kasuwa, a buɗe ɗaya. In "ba" ne a ƙasa, mai "bi" zai iya saukarwa don baƙinsu ɗaya, mai "ka" ma haka don wasalinsu ɗaya. Wanda ba shi da ko ɗaya ya tafi kasuwa ya ɗauko. Sharaɗi guda ne ba a sassautawa: ba a ajiye kati sai an faɗi abin da ke jikinsa da ƙarfi. Yaron da zai yi kuka in an ce ya maimaita "ma, me, mi" sau goma, zai faɗe su sau hamsin a zama ɗaya yana dariya, don kawai ya riga yayansa ƙare katinsa. Yayan kuwa ba zai bari a yi masa coge ba, saboda haka shi ne mai gyara, ba sai da bulala ba.

In gaɓoɓin sun zauna, sai a juya wasan. Kowa ya duba hannunsa ya haɗa kati biyu su ba da kalma: ra da na, na da ma, ku da ka, su da na. Mai kalma ya kwashe. Ranar da yaro ya jera "ra" da "mi" da kansa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce "rami!", ya fara karatu ke nan.

Daga baya a shigo da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ko manya sukan yi wa riƙon sakainar kashi. A yi musu kati bibbiyu: baki da baƙi, doki da ɗoki, kafa da ƙafa, gaba da gaɓa. Uwa ta faɗi kalma, yara su yi rige-rigen ɗaga katin da ya dace.

Akwai iyayen da za su ɗaure fuska da jin sunan karta, kuma ba a ga laifinsu ba. An ga gidajen da caca ta rusa. Amma abin da ya mai da karta caca shi ne kuɗin da aka zuba, ba kwalin ba. Kada a sa ko kwabo, kada a sa ko alewa, kuma a kira shi katin karatu. Wanda ya ci, ladansa shi ne ya raba na gaba.

Kati yana da iyakarsa. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, don haka katin "ga" da na "ri" ba za su faɗa wa yaro ko garin Kano ake nufi ko garin tuwo ba. Wannan sai cikin jimla, jimla kuwa sai a littafi. Minti goma sha biyar bayan cin tuwon dare ya isa, a tattara katin tun yaran suna roƙon a ƙara, a ɗaure da roba a ajiye inda akuya ba za ta kai ba.