A Kawo Wa Malamin Gwamnati Taimako, Ga Gwanaye Zaune A Majami'unmu

'Yan'uwa, a yawancin ikilisiyoyinmu na Kakuri, Nasarawa, Television, Narayi da Sabon Tasha, in an ta da zancen ilimi a taron dattawa, maganar takan tsaya ne a kan makarantar da ikilisiya ta gina ko take shirin ginawa. Wannan abu ne mai kyau. Amma mu dubi makarantar Lahadi da kyau. Da yawa daga cikin yaran nan, 'ya'yan gwauraye da masu acaba da masu sayar da kayan miya, makarantar gwamnati suke zuwa ran Litinin, gama iyayensu ba su da kuɗin makarantar kuɗi, har da tamu. Abin da ke faruwa a ajin nan ya shafe mu.

Abin da ke faruwa kuwa shi ne hadda. Yaro zai karanto maka ma'anar wutar lantarki da Turanci ba tuntuɓe, amma ba a taɓa ba shi batir da waya da ƙwan fitila ya haɗa da hannunsa ba. Yarinya ta san yadda ake lissafin faɗin fili a kan allo, in ka miƙa mata tef ka ce ta auna ɗakin uwarta, sai ta tsaya tana kallonka.

Waɗanda suka yi firamare a zamanin mishan, kafin gwamnati ta karɓi makarantu a shekarun 1970, suna tunawa da gonar makaranta da darasin aikin hannu. Kowa ya saƙa kwando ko tabarma, ko ya ɗaure tsintsiya, malam ya duba ya ba da maki. Ba mu ce zamanin ba shi da laifi ba, domin akwai malaman da suka mai da yara 'yan ƙodago a gonakinsu. Amma daga baya me ya faru? Aka fara karɓar sabulu da kuɗi a madadin aikin hannu, mu iyaye kuma muka riƙa biya da murna, wai kada ɗanmu ya ɓata hannu.

Gwamnati ta sha gwadawa. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, da nufin kowane yaro ya taɓa katako da ƙarfe da waya a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, domin babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka koya wa sarrafa su. A 2011 aka shigar da darussan sana'a cikin manhajar babbar sakandare, a wurare da dama suka zama wani abin hadda. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai sana'o'i 6, cikinsu da haɗa wutar sola, gyaran waya da kwamfuta, ɗinki, kiwo da noman lambu. Muna maraba da ita. Sai dai tambayar 1982 tana nan: wa zai tsaya gaban yaran ya nuna musu da hannu?

A nan jiharmu, amsar da aka fi ba malamai ita ce jarrabawa da kora. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta gwada malaman firamare kimanin 33,000, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Gaskiya ne wanda bai iya karatu ba bai kamata ya riƙe alli ba. Amma jarrabawar takarda ba ta iya gano malamar da takan sa yara su ajiye kwalba a tsakar makaranta su auna ruwan saman watan Agusta, sa'an nan su yi magana a kan dalilin da Kogin Kaduna yake cika ya shiga gidajen da ke bakinsa. Ba ta iya gano malamin da yakan raba fili biyu, a shuka kuɓewa da taki a nan, ba taki a can, yara su riƙa auna tsawo kowace Juma'a suna rubutawa. A darasi ɗaya sun yi lissafi, sun yi kimiyya, sun yi rubutu, kuma ba wanda ya yi gyangyaɗi. Irin waɗannan malamai suna nan, wasunsu ma a ƙungiyar mawaƙa da zumuntar mata suke. Sau da yawa daga albashinsu suke sayen iri da kwali, ga aji cike maƙil, ba mai cewa sannu.

To, ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Kudancin kogin nan shi ne unguwar masana'antu. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975. Mutanen da suka yi shekara 20 ko 30 suna gyaran injin saƙa, suna walda, suna naɗin waya, suna haɗa rini, ina suke? Suna zaune a bencin gaba kowace Lahadi, wasu har yau suna jiran haƙƙinsu. Hannunsu bai manta ba. Ga kafintoci da teloli da matasa masu haɗa sola. Malamin kimiyya yana da littafi ba kayan aiki, dattijo yana da kayan aiki a ƙarƙashin gado ba ɗalibi, tsakaninsu kuwa tafiyar minti goma ce.

Shawararmu ita ce kowace ikilisiya ta dubi makarantar gwamnati mafi kusa da ita. Dattawa biyu su je wurin shugaban makaranta, su tambayi malamai abin da suke bukata, kada su je da nasu tsarin. A bi ta kwamitin gudanar da makaranta da taron iyaye da malamai, inda kujerunmu suka daɗe ba kowa. Gwani ya shiga aji da izinin hukuma, malami yana tsaye, domin ajin nasa ne. A kuma kiyaye abu ɗaya: akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi a ajin, kuma mun san abin da zargi ya jawo wa garin nan a 2000 da 2002. Wanda ya je koyar da kafinta, kafinta zai koyar. In akwai makaniki Musulmi a unguwa da ya yarda, a tafi tare.

Wasu iyaye za su ce su likita suke so ɗansu ya zama, ba mai walda ba. Likitan ma da hannu yake ɗinke ciwo, kuma yaron da ya haɗa fitila ta kama ba ya tsoron tambayar lantarki a jarrabawar WAEC.

Kayan farawa ba su kai kuɗin fentin majami'a ba: tef na awo guda biyar, guduma, zarto, fatanya, batir da waya, da mudun iri. Muna roƙon sakatarorin ikilisiyoyi su sa wannan magana cikin ajandar taron dattawa na gaba, su kuma gayyaci membobinsu masu koyarwa a makarantun gwamnati su zo su yi bayani da bakinsu.