Kuɗin Saitin Ƙafar Mota Ba Asara Ba Ne

 Yau maganarmu a kan saitin ƙafar mota ce, abin da makanikai ke kira alaimen.

Duk mai ɗora buhu daga Ɗandume ko dabba daga Sheme ya san abin da rami ke yi wa mota mai lodi. Faɗawa ɗaya ta isa ta karkatar da ƙafar gaba. Daga nan taya ba ta tafiya sak, jan ta ake yi a kaikaice bisa kwalta, sai gefe ɗaya ya cinye ɗayan yana nan sabo. Mota ta riƙa fizga dama ko hagu, sitiyari ya zauna a karkace, mai kuma ya ƙara tafiya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa ke da man zubarwa?

To nawa ne kuɗin? Farashi yana bin gari da irin mota, na Golf daban, na J5 daban. Amma ko ina ka je, kuɗin saiti bai kai na sabuwar taya ɗaya ba, alhali rashinsa biyu yake ci tare. Inda kuɗi ke hauhawa shi ne in tayarod ko bushin sun mutu. Dole a sake su tukuna, in ba haka ba saitin ba ya zama. Saboda haka a yi ciniki kashi biyu, kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, kuma a nuna maka tsohon da aka cire. A duba iska kafin a taɓa komai. Rawar sitiyari a kan gudu kuwa galibi aikin balansin ne, kada a sayar maka da wani a madadin wani.

Ra'ayinmu, Alhaji mai mota, kada ka bar wa direba wannan kuɗi a cikin ɗan abin da yake samu. In ka bar masa, kullum sai ya ce gobe. Ka ware shi da kanka duk sanda aka sa sabbin tayoyi ko aka taɓa ƙafa, ko da sai an kai motar Funtuwa. Kai kuma dillali, kafin ka ba mota kayan amana, sunkuya ka shafa tayar gaba. In gefe ya sule, nemi wata. Hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ba wurin da mutum zai so magariba ta same shi yana kwance taya ba ne.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a ciniki. Haza wassalam.