Kama da Wane Ba Ta Wane: Ƙwaron da Na Kusa Kira Fara

Yau na ajiye zancen jigo da tauraron labari, na zo muku da wani ƙwaro da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku ce na ɓata hanya.

Watannin baya aka ba ni wata 'yar takardar wayar da kan manoman shinkafa in mayar da ita Hausa. A ciki na ci karo da sunan wani ƙwaro da Bature ke kira planthopper. Na duba hotonsa, na ga yana da fiffike, yana zama a jikin kara, an kuma ce yana tsalle idan aka taɓa shi. Nan take na rubuta “ƙaramar fara”. Sai da na gangara ƙasa na karanta cewa ba ya cin ganye ko kaɗan, ruwan jikin shuka yake tsotsa, sannan na dakata. Wace fara ce ba ta cin ganye? Da takardar ta fita a haka, manomi zai shiga fadama yana neman ganyen da aka ɓalgata, alhali ɓarawon yana can gindin kara yana shan abinsa a ɓoye.

Daga wannan kuskuren na ɗauki ra'ayin da nake so mu tattauna: bai kamata marubucin Hausa ya raɗa wa halitta suna da kallo ɗaya ba, bai kuma kamata ya fassaro sunan Turanci kai tsaye ba. Ya fara sanin dangin abin tukuna.

Mu fara da baki. Fara tana da muƙamuƙi, tauna take yi. Wannan ƙwaron kuwa bakinsa kamar allura ne, yana soka shi cikin jijiyar tsiro ya zuƙo ruwa. Masana sun tara duk masu irin wannan baki a babban gida guda mai suna Hemiptera. A gidan nan kuɗin cizo yake, haka ma ƙananan ƙwarin da ke kawo darɓa a ganyen dawa. Wato ƙwaron da na kusa kira fara ya fi kusanci da kuɗin cizon da ke cikin katifa fiye da farar da ake soyawa a ci da yaji. Tsallen ne kawai ya haɗa su da fara, tsalle kuwa ko kwaɗo yana yi.

Kada mu ɗauka mu kaɗai kama ke ruɗa. Su kansu masana sun daɗe suna raba wannan gida biyu bisa ga fiffike. Masu fiffiken da ya tafi bai ɗaya, wanda ke rufe baya kamar jinkar ɗaki, aka kira su Homoptera. Waɗanda rabin fiffikensu ke da tauri rabi kuma laushi, aka kira su Heteroptera. Haka aka yi ta koyarwa a makarantu har shekarun 1990, lokacin da aka soma kwatanta DNA ɗinsu. Sai ya bayyana cewa 'yan Homoptera ba zuriya guda ba ce: masu tsallen nan sun fi kusa da dangin kuɗin cizo fiye da ƙwarin darɓa da aka haɗa su ɗaki ɗaya. Dole aka rushe rukunin. Sunan da ya shekara fiye da ɗari a littattafai ya koma tarihi, domin an gina shi a kan sutura, an bar asali.

Ko cikin masu tsallen ma akwai ɗakuna biyu. Akwai Fulgoromorpha, su ne ainihin waɗanda nake magana a kai, an ƙidaya musu sama da iri 12,000 a cikin iyalai kimanin 20. Akwai kuma Cicadomorpha, inda wasu 'yan uwansu da ake kira leafhopper suke, su kaɗai sun haura iri 20,000. Da ido daga nesa ba ka raba su. Amma idan ka sa gilashin ƙara girma za ka ga na farkon eriyarsa a ƙarƙashin ido take fitowa, gindinta a kumbure, ƙafarsa ta baya kuma ƙayoyi kaɗan gare ta masu kauri. Na biyun kuwa ƙayoyin ƙafarsa ƙanana ne, a jere kamar haƙoran mataji. Iyalin Delphacidae, cikin na farkon, har ƙaimi gare su mai motsi a ƙafar baya, irin na zakara.

Wani zai ce to ina ruwan manomi da ƙaimin ƙwaro? Ruwansa ne, domin cutar da kowanne ke ɗauka daban ce. Cicadulina mbila, mai ƙafar mataji, shi ke yaɗa cutar da ke zana wa ganyen masara fararen layuka ta tsumburar da ita, cutar da ta daɗe tana addabar Afirka, har cibiyar IITA ta Ibadan ta yi shekaru tana samar da irin masarar da ke jure mata. Peregrinus maidis, mai ƙaimi, shi ma yana sauka a kan masara da dawa, amma wasu cututtukan yake kawowa. A gona guda za ka same su, kowa da irin ɓarnarsa.

Su waɗannan ƙwari tsofaffin duniya ne. An samu burbushin kakanninsu a cikin duwatsun da masana suka auna shekarunsu fiye da miliyan 250, tun kafin a samu tsiro mai fure. Akwai kuma wata shaidar a cikin cikinsu. Ruwan tsiro sukari ya yi masa yawa, sinadaran gina jiki sun yi masa kaɗan, ba ya riƙe rai shi kaɗai. Saboda haka ƙwarin ke ɗauke da wasu bakteriya a jikinsu masu haɗa musu abin da ya rage, uwa kuma tana miƙa su ga 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Sulcia, ana samunta a ɗakunan nan biyu. An taɓa jayayya ko masu ƙaimi da masu mataji daga tushe ɗaya suke, wannan gadon da suka yi tarayya a kansa yana cikin hujjojin masu cewa e. Mu da ke rubuta labaran gado da zumunta, ai wannan ba baƙon zance ba ne: idan aka yi gardamar asali, abin da aka gada ake dubawa.

Ga mai son abin mamaki ya sa a rubutunsa, ga ɗaya. A 2013 Malcolm Burrows da Gregory Sutton na Jami'ar Kambirij suka bayyana cewa ɗan wani irin da ake kira Issus coleoptratus, tun bai yi fiffike ba, yana da haƙora masu shiga juna a gindin ƙafafunsa na baya, irin na cikin tsohon agogo. Su ke sa ƙafafun biyu su harba lokaci guda, don kada ya wulwula a iska. Idan ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya balaga sai haƙoran su ɓace.

Amma darasin da ya fi tsaya mini a rai na suna ne. A 1705 wata mai zane kuma masaniyar ƙwari, Maria Sibylla Merian, ta wallafa littafinta kan ƙwarin ƙasar Surinam, ta rubuta cewa wani babban ƙwaro daga cikin wannan dangi kansa na haske da dare. Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin sunayen kimiyya, ya yarda da zancen. Sunan ƙwaron a yau Fulgora laternaria, kalma ta farko daga walƙiya, ta biyu daga fitila. Ƙwaron ba ya haske. An gano hakan tuntuni, amma sunan ya zauna daram, har Turawa na kiran iyalin duka ƙwarin fitila. Shekara ɗari uku ke nan kuskuren alƙalami guda bai gogu ba.

Rashin sanin halin ƙwaro kuma yakan kai ga rumbu. A Asiya, Nilaparvata lugens mai ƙaimi yakan taru a gindin shinkafa ya tsotse ta har gona ta koma kamar an cinna mata wuta. A Indunusiya aka yi ta feshi, shi kuwa yana ƙaruwa, domin maganin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin sa. Sai a 1986 Shugaba Suharto ya haramta magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa. Wanda ya ji “fara”, feshi zai fara zuwa masa a rai, ga shi kuwa a nan feshin ne ya ƙara wa wutar itace.

Na san wasu za su ce a bar sunan Turanci yadda yake, a huta. Ban yarda ba, domin manomin da muke rubuta wa ba zai ga komai a cikin kalmar ba, ita kanta kuma tsallen kawai ta kama ta bar bakin. Shawarata matakai biyu ce. Na farko, a tambayi manoma da tsofaffi, wataƙila wani gari yana da sunan da ba mu sani ba, na gida kuwa shi ya fi cancanta. Idan ba a samu ba, sai a ƙirƙira bisa ga abin da ya raba halittar da wasu. Ni a waccan takarda “tsotsau” na sa, a kan awon mantau da makarau: tsotsau mai ƙaimi, tsotsau mai mataji. Ban ce shi ne daidai ba, amma ya gaya wa manomi abin da ƙwaron ke yi, ya kuma nuna masa inda zai duba.

Aikin wannan mako: idan kana kusa da gonar masara, dawa ko shinkafa, ka girgiza kara ka ga abin da zai yi tsalle. Ka tambayi mai gonar sunansa, ka rubuto mana abin da ya ce da sunan yankinku. Wanda ke da kalmar da ta fi tsotsau, ƙofa a buɗe take. Allah ya ƙara mana basira, sai mako mai zuwa.