Fasfo da Takardar Asali: Wace Ƙaramar Hukuma ce Tamu?

Yau ina so mu ɗan tattauna a kan fasfo, musamman takardar nan ta shaidar ƙaramar hukuma da ake nema, wadda ta zame mana ƙarfen ƙafa mu da aka haifa a Sabo da Agege da sauran zangunan Kudu.

Bari mu fara da ɗan tarihi. Hukumar shige da fice a da wani sashe ce ta 'yan sanda, sai a 1958 aka cire ta, aka yi mata doka tata a 1963. A 1998 aka fito da fasfon da na'ura ke karantawa, a 2007 aka kawo e-passport, a Janairun 2024 kuma minista Olubunmi Tunji-Ojo ya buɗe tsarin da mutum zai cike komai ta intanet. Kuɗi ma bai tsaya ba, domin a Satumbar 2025 mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuma 200,000. Komai ya sauya, amma takardar asali tana nan daram, sai dai yanzu hotonta ake ɗorawa a kwamfuta.

To ina matsalar take? Sabon Ibadan an kafa ta tun 1916. Kakana a nan ya yi fataucin goro, mahaifina a nan aka haife shi, a nan yake biyan haraji da kuɗin rumfa, ni ma a nan na yi firamare da sakandare. Amma idan maganar takardar asali ta taso sai a ce mu tafi garinmu. Wane garin? Sai yaro ya hau mota ya kwana a hanya, ya isa ƙauyen da bai taɓa gani ba, ya nemi mai unguwa da dagaci su shaide shi, su kuma su dube shi su ji Hausarsa da gargadar Yarbanci su ce ɗan wa ne kai? Wani tsoho sai an tono sunan kakan kakansa kafin ya gyaɗa kai. Kuɗin mota kaɗai ya isa jarin mai tireda.

Kuma fa fasfo a wurinmu ba ado ba ne. Da shi ake zuwa Hajji da Umara, da shi 'yan kasuwarmu ke zuwa Dubai da Sin sarin kaya.

A Amurka ma ƙananan hukumomi na da hannu a harkar fasfo, amma dubi irin hannun. Kafin 1856 har gwamnoni da magadan gari kan ba da fasfo, sai aka yi doka a shekarar cewa ma'aikatar harkokin waje ce kaɗai ke da wannan iko. Abin da ya rage wa akawun gunduma da gidan waya shi ne su karɓi takardunka, su tabbatar kai ne a hoton, ka sa hannu a gabansu, su aika. Takardar haihuwa za ka nuna, kuma kowace gunduma ka shiga za su karɓe ka. Babu mai tambayarka ƙauyen kakanka.

Na san abin da hukuma za ta ce: wai don kada baƙi daga Nijar ko Chadi su karɓi fasfonmu. Ban raina wannan damuwa ba. Amma tsakani da Allah, wa ya fi sanin wanda aka haifa a Sabo, Sarkin Hausawan Sabo da limamin da ya raɗa masa suna, ko wani ma'aikaci a sakatariyar da ke nesa da shi da ɗaruruwan kilomita? Kowa ya san yadda ake samun takardar nan a wasu wuraren idan aljihu ya yi magana. Wanda take wahalarwa shi ne mai gaskiya. Ga kuma lambar NIN da aka ɗauki yatsunmu da hotonmu saboda ita, in ba ta isa shaida ba, me ya sa muka sha layi?

Wani abin kuma dole mu faɗa wa kanmu. Abin da ake mana a nan shi muke yi wa Inyamuri ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano. Shi ma ana tura shi garinsu. Ba za mu yi kuka a Ibadan mu yi shiru a Fagge ba.

Ra'ayina shi ne a raba abu biyu. Takardar asali ta tsaya inda ake rabon muƙamai da guraben karatu, in ma dole sai an yi ta. Fasfo kuwa shaidar ɗan ƙasa ne, ya kamata takardar haihuwa da NIN da shaidar ƙaramar hukumar da mutum yake zaune su wadatar. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na Kudu su haɗa baki su kai wannan buƙata ga 'yan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'armu lokacin zaɓe. Kafin nan, iyayenmu da yayyenmu, don Allah duk wanda aka yi wa haihuwa ya je ofishin hukumar ƙidaya ya karɓi takardar yaron kafin a yaye shi, ya adana ta tare da takardun gida.